Layin da Ke Rarrafe a Fuskar Waya



An ba mu 'yan mintoci mu yi bayani a kan abin da kowannenmu ke gani amma ba kasafai ake tambayar asalinsa ba, wato layin nan da ke cika sannu a hankali idan waya ko kwamfuta tana sabunta manhajarta, wanda kan ruga zuwa kashi 90 sannan ya cije.

Sashen manhajar da ke sauke facin daban yake da sashen da ke zana mana layin. Mai rubuta manhaja kan tsara wani guntun umarni ya miƙa wa sashen saukewa, bisa sharaɗin ya riƙa kiransa lokaci-lokaci yana faɗin inda aiki ya kai. Mu kira shi kiran rahoto. Kamar hedimasta ne ya ba magini lambar waya, ya ce duk sa'ad da ya ɗora sahun bulo ya buga ya sanar, maimakon ya tsaya a kansa cikin rana.

A libcurl, wata manhaja ta kyauta da ɗimbin na'urori ke sauke kaya da ita daga intanet, rahoton lambobi huɗu ne: jimillar abin da za a sauke, abin da ya sauka, jimillar abin da za a aika, da abin da ya tafi. Daga biyun farko ake fitar da kashin da muke gani, lissafin da ba zai gagari ɗan aji biyar ba. Idan ba a san jimillar ba, babu kashin da za a fitar. Shi ya sa wani lokaci da'ira kawai ke juyawa. Mai karɓar rahoton kuma yana iya mayar da amsar a dakata, ta nan ne danna maɓallin sokewa kan isa ga mai aikin.

To, abin lura shi ne layin kaya yake ƙirgawa, ba lokaci ba. Bayan saukewa akwai tantance cewa facin bai gurɓata ba, sannan girkawa, kuma waɗannan ba lallai su motsa layin ba ko da aiki na tafiya. Sokewa a lokacin saukewa asarar data ce kawai, ko da yake a wannan albashi ba ƙaramar asara ba ce. Amma yanke wuta yayin girkawa na iya barin na'ura rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta ƙi tashi. Tun Android 7 na 2016 wasu wayoyi kan girka sabuntawa a wani sashe na daban don kauce wa haka, sai dai ba duka ba.

Kada kuma tsoron wannan ya sa mu ƙi sabuntawa. Annobar WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta durƙusar da asibitoci a Ingila, ta shiga ne ta ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris. Kamfanin kan saki facinsa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Masu kula da kwamfutocin makaranta su sanya ranar a jadawali, su jira janareta ya daidaita ko batir ya cika, sannan su fara, kuma su hana yara taɓa soket har na'urar ta sake tashi da kanta.