Tsohon Labule Ma Maganin Ɗari Ne

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata.



Hunturu yakan shigo ƙasar Hausa a watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu. Iskarsa daga hamadar Sahara take tasowa, ɗauke da ƙura. Da rana akwai sauƙi. Amma daga tsakar dare zuwa asuba, ɗari ba ya raga wa kowa. Mai bargo ya ja bargonsa. Wanda ba shi da shi fa?

Akwai ɗakunan da ba su da ƙyaure, sai yagaggen asabari. Yara huɗu ko biyar sukan kwanta a tabarma ɗaya, suna jayayya a kan zane ɗaya. Ga almajirai a zaure, ga tsofaffi marasa mai kula da su. Ga kuma waɗanda ruwa ko gobara ta raba da kayansu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Dubban iyalai suka rasa shimfiɗa da mayafi, ga hunturu saura wata biyu.

A wani gidan kuwa, akwati cike yake da tsofaffin labulaye da zannuwan gado. An canza su tun da Sallah, ko tun bikin wata 'ya, an ninke an manta. Ɓera da gara kaɗai ke cin moriyarsu.

Labule mai kauri, in aka rataya shi a ƙofa ko taga, yana tare iska. In ba shi da kauri, a ninka shi biyu. Zanen gado biyu kuma, in aka sa tsofaffin zannuwa a tsakaninsu aka ɗinke, sun zama bargo. Allura da zare sun isa, ba sai an je wurin tela ba. Ko ƙyallen da ya rage ba na yarwa ba ne. A shimfiɗa shi a ƙarƙashin tabarma, domin daɓe yana jan ɗumin jikin mai barci.

Kafin a bayar, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana ya bushe sarai. In da hali a goge. Wannan shi ke kashe ƙwarƙwata da ƙwayar ƙazuwa. Abin da ya yage a ɗinke shi. Tsumman da mutum ba zai yarda ɗansa ya rufa da shi ba, bai kamata ya kai wa ɗan maƙwabci ba.

Rashin mayafi ne ke sa mutane su shiga ɗaki da kaskon garwashi, su rufe ko'ina. Wannan ganganci ne. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta, tana kashe mutum cikin barci. Haka kuma kada labule ya kusanci fitila ko aci-balbal, musamman na leda, wanda ke kama wuta nan da nan. Jariri kuma a rufe jikinsa, a sa masa hula, a bar fuskarsa a buɗe.

Mayafi ba ya warkar da yaron da ya riga ya kamu da ciwon namoniya. Uwar da ta koyi ƙidaya a aji, ga inda za ta yi mata amfani. Ta ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance lafiya lau ba ya kuka. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ga tari, a kai shi asibiti ran nan. In ƙirjinsa yana lotsawa, kada a jira gari ya waye.

Wajen rabo, a kiyaye mutuncin mai karɓa. Ba sai an tara mutane a dandali ana kiran suna ba. Liman da mai unguwa da ungozoma sun san gidajen da ke da bukata. Kowane aji ya zaɓi mutum biyu, ɗaya ya tara kayan, ɗaya ya rubuta abin da aka kawo. Na mata a shigar da su cikin gida ta hannun mata, bayan magariba. A gama rabo kafin Disamba ya kama.