Fiyano a Jami'a, Kalangu a Bakin Kasuwa



Ina so in fara da labarin wani Bayarabe, Akin Euba, wanda aka haifa a Ikko a 1935, ya rasu a 2020. Ya koyi kiɗan fiyano a Kwalejin Trinity ta Landan, ya dawo gida ya yi aiki a gidan rediyo, sa'an nan ya koyar a Jami'ar Ife da ta Legas, daga ƙarshe ya zama farfesa a Pittsburgh ta Amurka. Abin lura shi ne, digirinsa na dakta, wanda ya samu a Jami'ar Gana a 1974, ba a kan fiyano ya yi shi ba, a kan dundun ne, gangar Yarabawa mai tsarkiya wadda ake matsawa ta yi magana, watau 'yar'uwar kalangunmu. Ya zauna gaban makaɗan gargajiya ya yi ɗalibta, har ya ƙago salon buga fiyano mai kwaikwayon amon ganga.

To, jama'a, mu dawo gabashin Sakkwato. A ƙasar Gandi, cikin yankin Rabah, an yi Muhammadu Bawa Ɗan'anace, makaɗin maza, wanda waƙarsa ta Shago ta cika ƙasar Hausa. Duk wanda ya saurare shi da kunnen basira ya san akwai ilmi a wurin: yadda kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya kira sunan ɗan dambe ba tare da baki ba, da yadda 'yan amshi ke karɓa daidai gaɓa. Wannan ilmi ba a allo yake ba, a hannu yake, yaro na ɗaukarsa ne shekara da shekaru yana bin ubangidansa. Amma da Euba da Ɗan'anace, wa aka ba kujera? Ɗaya farfesa, ɗaya kuwa maroƙi muke ce masa.

Na san abin da wasunku za su ce. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, can aka rufe shi a 1837, kuma shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan kiɗan da ya halatta da wanda bai halatta ba. Gaskiya ne. Sai dai rarrabewa suka yi, fadojin zuriyarsu kuwa ba su rabu da taushi da kotso ba. Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar ya yi zamaninsa.

Ba na musun cewa an yi ƙoƙari. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa da yawa. Amma galibi kalmomin waƙa muke nazari a sashen Hausa, kiɗan kansa mun bar shi a bakin kasuwa. Kasuwar ma ba ta tsira ba, kowa ya tuna harin da 'yan bindiga suka kai ta Goronyo a 2021. Inda taro ya yi wuya, yaro ba ya samun wurin koyo.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, mu nemi hukumar jami'a ta ɗauki tsofaffin makaɗa daga Wurno da Rabah da Goronyo su koyar, da albashi da aji na kansu. Kafin a amince, kowane ɗalibin yankin ya ɗauko mana sautin makaɗi ɗaya a hutun nan, da sunansa da na wanda ya koya masa.