Iri Tushen Abinci: Jawabi Ga 'Yan'uwa Ɗalibai



Yawancinmu da ke zaune a wannan zaure 'ya'yan manoma ne. Da kuɗin gyaɗa da wake aka ɗinka mana tufafin makaranta. Saboda haka ba baƙon zance muka zo da shi ba, zancen iri ne, da wanda ya kamata ya samar da shi.

Kowanenmu ya ga yadda iyayenmu kan zaga gona da kaka, suna zaɓen zangarniya mafi cika, su ɗaure ta daban, su rataye. Ko yunwa ta yi tsanani, ba a taɓa damin iri. Da wannan hikima aka riƙe kaura da farafara da maiwa shekaru aru-aru. To, amma zamani ya zo da nasa jarrabawar. Farin 1973 ya tilasta wa gidaje da dama cinye irinsu. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta yi wa gonakin Arewa kaca-kaca, ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa ta Kano.

Masana ba su yi barci ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da iri masu yawa. Daga ciki akwai gyaɗar SAMNUT 24, mai saurin nuna, mai jure wa waccan cuta. Sai dai iri a ɗakin bincike bai cika rumbun kowa ba. Tilas a riɓanya shi hawa-hawa: daga ɗan abin da masani ya fitar, zuwa irin tushe, sannan irin da hukuma ta tantance don shuka.

A nan ne gizo ke saƙa. Kamfanoni sun fi karkata ga masara 'yar aure, domin dole manomi ya sayi sabuwa kowace shekara. Gyaɗa da wake kuwa, da yake furensu kansa yake yi wa barbara, manomi na iya ajiye irinsu ya sake shukawa, don haka ribarsu ga kamfani kaɗan ce. In ƙaramin manomi bai riɓanya su ba, wa zai yi? Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: ɗan kasuwa ya ɗebo hatsi, ya rina shi, ya sayar da sunan iri. Wanda ya shuka wannan ya yi asarar damina guda, damina kuwa ba ta dawowa.

Aikin ba ya fi ƙarfin ƙauye ba. Mai noman iri ya samo irin tushe daga inda aka amince. In gero ne ko masara, ya nisanta gonarsa da ta maƙwabta, domin iska na kwasar bununi ta gauraya iri. Ya tuge duk tsiron da ya saɓa wa 'yan'uwansa tun kafin fure. Ya shanya amfanin ya bushe ƙayau, ya bar gyaɗa cikin ɓawonta, ya zuba wake a buhu mai leda biyu a ciki, wanda iska ba ta shiga. Kafin ruwa ya sauka, ya ƙirga ƙwaya 100 ya binne a jiƙaƙƙen yashi. Abin da ya tsiro bayan mako guda shi zai gaya masa gaskiya.

'Yan'uwa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gobe mu ne malaman gona, mu ne ma'aikatan hukuma. Tun yanzu, in mun tafi hutu, mu haɗa manoman garinmu ƙungiya, mu sada su da malamin gona da Majalisar Kula da Iri ta Ƙasa, domin a duba gonarsu a ba su shaida. Ilimin da bai kai gonar mahaifinmu ba, ina amfaninsa?

Allah ya ba mu damina mai albarka.