Kuturun Da Ya Komo



A Tafa, bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, mukan ga ɗan'uwa ya yar da sigari ran Lahadi, kafin Laraba ya koma wurin mai tebur. Kada mu yi saurin hukunta shi. Nikotin da ke cikin taba yakan kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kwana 3 na farko kuwa sun fi wuya. Amma marmarin yakan taso ya kwanta cikin 'yan mintoci. Da me za mu cika mintocin nan?

A Luka 17:11-19, Yesu ya warkar da kutare 10. Ɗaya kaɗai, Basamariye, ya komo ya yi godiya. Ya tsaya ya duba abin da aka yi masa.

Mu ma, in marmari ya taso, mu lissafa: tari ya ragu, kuɗin sigari ya zama na cefane, yara sun daina shaƙar hayaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan shekara 1, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da rabi. Mai godiya yana duban abin da ya samu, kewar taba sai ta yi sauƙi.

In ka fāɗi, ɗan'uwa, gode wa Allah domin kwanakin da ka jimre, ka tashi, ka nemi shawarar ma'aikacin lafiya.

Ya Uba, koya mana komowa da godiya. Amin.