Bayan Masifa, Ina Lissafi? Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Batagarawa



Allah Ya kiyashe mu da girgizar ƙasa irin wadda ke rushe birane, amma ambaliya da gobara ba baƙinmu ba ne. A watan Yulin 2018 ruwa ya ci Jibiya, sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. A watan Maris na 2021 kuma wuta ta cinye sashe mai yawa na Babbar Kasuwar Katsina, inda 'ya'yanmu ke neman abinci. Duk sa'ad da irin haka ta faru, akan yi jaje, a yi alkawura, ku ma ku aiko da gudunmawa. Bayan shekara guda fa, wa zai iya faɗa mana gida nawa aka gina, nawa suka saura?

Mu dubi abin da wasu suka yi. Ranar 6 ga Afrilu, 2009, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lakwila na Italiya, ta hallaka sama da mutum 300. Da aikin sake gini ya yi ta jan ƙafa, sai aka buɗe shafin intanet inda kowa zai ga kuɗin da aka amince a kashe, da waɗanda aka riga aka biya, da inda aiki ya tsaya. A nan kusa kuma, lokacin da gubar dalma ke kashe yara a Bagega ta Jihar Zamfara, matasan Follow The Money sun matsa har Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin a 2013, sannan suka bi sawun yadda aka kashe su.

Mu da muka riƙe makaranta mun san darajar rajista. Yaron da ba a rubuta sunansa ba, ranar rabon littafi ba ya samu. Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku.

Na farko, da zarar masifa ta auku a Ajiwa ko Bakiyawa ko cikin gari, a ƙirga gidajen da abin ya shafa tare da mai unguwa, a ba kowane gida lamba maimakon suna, domin a rufa wa mutane asiri.

Na biyu, a rubuta abu huɗu: abin da aka yi alkawari, abin da ya shigo hannu, abin da aka kashe, da matsayin aikin. A liƙa takardar a allon makarantar firamare, a tura ta WhatsApp, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Na uku, mu yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukuma irin NEMA amsa takardar mai tambaya cikin kwana 7.

Amma mu fara da kanmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: asusun ƙungiyarmu ne ya kamata ya fara hawa allon, kafin mu nemi na gwamnati.

Allah Ya kare garinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.