Amanar da ke wuyan nas a ɗakin inaya

 

Yau zancenmu a kan ɗakin nan ne na babban asibiti da ake ce wa inaya mukassafa da Larabci, mutanenmu kuma suka taƙaita suna cewa inaya. Can ake kai wanda ciwo ya yi wa tsanani: wanda lori ya kife da shi, wanda maciji ya sara har numfashi ya fara gaza masa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa kai, ko matar da jijjiga ta kama a wurin haihuwa. Likita yakan zo ya duba, ya rubuta, ya wuce wani ɗaki. Wanda ke kwana a gefen gadon shi ne nas, wato sista ko mumarrid. To, mene ne doka da amana suka ɗora wa wannan ma'aikaci, mene ne kuma suka hana shi yi maka ko da ka roƙa?

Mu fara da wane ne nas. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Nas na gaskiya sai ya yi karatu, ya sami rajista daga majalisar ƙasa mai kula da sana'o'in lafiya, kamar yadda likitoci suke da tasu majalisar. Malaman fiƙihu ma tun da can sun ce wanda ya taɓa jikin mutum da sunan magani alhali ba a san shi da ilimin ba, in ɓarna ta faru shi ke da lamuni. Aikin kuma yana da tushe a wurinmu. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Nauyi na farko shi ne sa ido. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya in yana kan na'urar numfashi, in an yi yawa biyu. Za ta riƙa auna bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki, iskar da ke cikin jini, har da yawan fitsari, ta rubuta kowanne da lokacinsa. Za ta riƙa juya wanda ba ya iya motsi kamar bayan kowace awa 2, don kada bayansa ya yi gyambo. Wannan takardar da kake gani a ƙafar gado shaida ce. Ranar da magana ta kai gaban hukuma, ita za a fara nema, kuma rubuta abin da ba a yi ba, ko goge abin da aka yi, laifi ne mai zaman kansa.

Na biyu, magani. Kafin ta ɗura wa mutum komai sai ta tabbatar da abu 5: shi ne mai maganin, maganin ne aka rubuta, adadin daidai ne, ta nan ne ake ba da shi, lokacinsa ne kuma. In ta ga rubutun likita bai yi mata daidai ba, wajibinta ne ta tsaya ta tambaye shi. Cewa "haka aka rubuta mini" ba ya wanke ta in kuskuren a fili yake. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta san kisan kuskure da rauni na kuskure, ta kuma san diyya. Amma ku lura, ba kowace mutuwa a inaya ce sakaci ba. Mutanen da ake kaiwa can dama suna bakin gaɓa. Abin da ake tambaya shi ne, ta yi abin da ƙwararriyar nas za ta yi da kayan da ke hannunta, ko ta yi sake?

A nan ina da magana da ku 'yan kasuwa. Sau da yawa yanzu dangi ake tura su sayo magani daga waje. In nas ta juya kwalba ta ce wa'adinta ya wuce, ko ta ce ba za ta yi amfani da ita ba don an kankare rubutun, kada ka ce tana son ka sake kashe kuɗi ne. Akwai magunguna irin su insulin da allurar tsayar da jini bayan haihuwa da ke buƙatar sanyi, in sun yi kwanaki a bayan mota cikin ranar nan tamu, ƙarfinsu ya ragu. Kai kuma mai shigo da su ta kan iyaka, ka sani kwalin da ke ƙarƙashin buhunan albasarka wata rana a jijiyar wani zai ƙare.

Na uku, yardar mai jiki. Baligi mai hankali, namiji ne ko mace, shi ke da maganar jikinsa, sai an yi masa bayani ya yarda kafin a yi masa aiki. In ya suma, sai a nemi makusancinsa. In kuma jira zai kashe shi, a ceto ran tukuna, bayani ya biyo baya. Saboda haka Baffa, in aka miƙo maka takarda ka dangwala, kana da hakkin ka ce a karanta maka. In Larabcin likita ya yi maka nauyi, ka nemi mai fassara da Hausa ko Fillanci. Ba raini ba ne ka ce ba ka gane ba.

Na huɗu, sirri. Abin da nas ta gani a jikin ɗan'uwanka, da sunan ciwonsa, ba ta da izinin faɗa wa duk wanda ya leƙo, ko abokin cinikinsa ne na shekara 20, ko kishiya, ko mai binsa bashi. Ba ta da izinin ɗaukar hotonsa ta tura a WhatsApp. Ku ma dangi ku kiyaye, don mun ga yadda ake yaɗa hoton mutum da roba a hanci da sunan neman addu'a. Togaciya ita ce ciwo mai yaɗuwa irin kwalara, wadda aka sanar da ɓarkewarta a Sudan a watan Agusta 2024. Wannan dole a kai rahotonsa ga hukumar lafiya, don ran unguwa duka ne a ciki.

Na biyar, adalci. Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023, kun san abin da asibitocinmu suka gani. Wad Madani, inda muka saba kai manyan marasa lafiya, ta faɗa cikin faɗan a Disamba 2023, Sinja ta bi a ƙarshen Yuni 2024. An kwashe kaya, wuta ta yi wuya, ma'aikata da yawa sun yi watanni ba albashi. In tukunyar iska ɗaya ce majinyata uku, ana duba wanda ya fi buƙata kuma ake sa ran zai amfana. Ƙabila, ko yawan garke, ko abin da aka turo ta Bankak, ba su da gurbi a wannan lissafi. Nas da ta karɓi na goro ta canza layi ta ci amana, wanda ya ba ta kuma ya sayi numfashin ɗan wani. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, waɗanda Sudan ta shiga, sun ce a yi jinyar mai rauni ko daga wane ɓangare yake. Don haka ba daidai ba ne a tsare nas ko a doke ta don ta ɗaure raunin wanda wani yake gani abokin gaba.

Akwai abin da nas ba za ta yi ba ko an yi mata kuka. Ba za ta cire wa mutum na'urar numfashi don dangi sun ce kuɗi sun ƙare ko ya sha wahala ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Wannan hukuncin likitoci ne, da sanin iyali.

Ba za ta bar ku ku cika ɗakin ba kuma. Mai ciwo a inaya garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙurar kasuwa da ke hannunka tana iya zame masa sabon ciwo. Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zama bakinku, ya wanke hannu in zai shiga. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko nono ko rubutu, domin huhu zai tafi maimakon ciki. Ku yi masa addu'a a kunne, ku nemi izini kafin ku shafa masa komai. Sannan ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in an ba shi saiwa a daji, ko an yi masa allurar shanu, ko ya sha ƙwayoyi a hanya, ku faɗa, ku kawo kwalin in yana nan. Wannan labarin yana iya canza maganin da za a ba shi.

To in kun ga sakaci na gaske fa, an bar mutum awanni ba mai leƙa shi, ko an nemi kuɗi ba rasit? Kada a ɗaga sanda, kada a zare wuƙa. Ku riƙe rana da lokaci, ku je wurin shugabar masu jinya, in ba a ji ba ku je wurin mudirin asibiti. Sama da su akwai ma'aikatar lafiya ta jiha, da majalisar da ta ba da rajista, da niyaba in abin ya kai laifi. Wanda ya doki nas ya jawo wa kansa shari'a, ya kuma bar sauran gadajen ba mai tsaro a daren nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu kwana a kansu da alheri, Ya kawo mana zaman lafiya. Makiyaya Allah Ya tsare garke, matafiya Allah Ya kai ku gida lafiya.