Tuƙi Cikin Maye: Hukuncinsa da Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma

Wannan jawabi an shirya shi ne domin direbobi da masu motoci da dukan mai bin hanya, don kowa ya san abin da doka ta tanada game da tuƙi cikin maye. Rashin sanin doka ba ya zama hujja a gaban alƙali, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, kuma aka sake tsara dokar hukumar a 2007. Dokar 2007 ta ce duk wanda ya tuƙa mota, ko ya yi yunƙurin tuƙa ta, alhali giya ko ƙwaya ta rinjaye shi har ba ya iya sarrafa motar sosai, ya yi laifi. Hukuncin da ta ambata shi ne tarar Naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko kuma a haɗa masa duka biyun. In kuwa mugun tuƙi ya jawo asarar rai, ɗaurin yana iya kai wa shekara 7. Bayan wannan, iyalan mamaci suna da ikon kai ƙara su nemi diyya.

Kada a ɗauka cewa kwalbar giya kaɗai ake nufi. Burkutu da ogogoro da tabar wiwi da tramadol duk suna cikin abin da ke gusar da hankalin direba. Haka kuma maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Hanta ce ke tace giya daga cikin jini, a hankali take aikinta, kuma goro ko gahawa ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Saboda haka wanda ya sha da yawa da daddare yana iya wayar gari da sauran maye a jikinsa.

To, amma kama mutum daban, tabbatar da laifinsa daban. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifin a kotu. Yana da ikon kare kansa ko ya ɗauki lauyan da yake so, in kuma ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 35 ya ba shi ikon yin shiru har ya gana da lauyansa, kuma ya wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40. Wanda ba shi da halin biyan lauya yana iya neman agajin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ce sai hujjar ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Don haka lauya yakan tambaya ko akwai wanda ya ga wanda ake tuhuma a kan sitiyari. Yakan bincika ko na'urar gwajin numfashi tana da lafiya, da ranar da aka yi mata gyaran awo, da ko wanda ya yi gwajin ya sami horo. Yakan kuma tambayi lokacin gwajin, domin giyar da ta rage a baki takan ɗaga awo in ba a dakata kamar minti 15 ba. Haka nan faɗuwar sukari a jinin mai ciwon sukari tana kawo tangaɗi da sarƙewar harshe irin na mashayi, kuma takardar likita tana iya warware wannan. Furucin da aka samu ta hanyar duka ko tsoratarwa kuwa, kotu ba ta karɓarsa.

Akwai hujjojin da ba su da amfani ko kaɗan. Wanda ya sha da son ransa ba zai fake da maye ba; doka tana duba uzurin wanda aka ɗura wa abin maye bisa tilas ko ba da saninsa ba ne kawai. Cewa tafiyar gajera ce, ko cewa ba a yi haɗari ba, ba ya wanke kowa. Miƙa wa jami'i cin hanci kuwa sabon laifi ne a kan na farko.

Wanda ya san ya yi laifi, ya fi masa alheri ya amsa, ya roƙi sassauci, domin alƙali yakan duba nadama da kasancewar laifin na farko ne. Amma sassaucin kotu ba ya mayar wa marayu ubansu. Direban da ya sha, ya ba wani makulli, ko ya kwana inda yake. Fasinjan da ya ji warin giya a bakin direba, ya sauka, ya sanar da shugabannin tasha ko jami'an hanya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.